Yadda za ka rarrabe waliyyai masu suna ɗaya

Shekarar da na fara koyar da matasan ajin tabbatarwa a nan Wusasa, na shirya musu 'yar takarda kan Waliyyi Agustin. Na rubuta cewa ɗan Afirka ne, ɗan Monika, kuma shi ya kai bishara Ingila a 597. Na kai Sabon Gari aka buga mini. Ran Lahadi wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, an haife shi 354, ya je Ingila 597, shekararsa nawa ke nan?" Na lissafa a zuci: 243. Na rasa bakin magana. Mutum biyu na dama wuri guda kamar fura da nono.

Tun daga ranar nake bin hanyar da zan faɗa maka, kuma ba baƙuwa ba ce ga Bazazzagi. Mu da muke da Muhammadu huɗu a gida ɗaya, muka raba su da Sani, Salisu, Rabi'u, mun san maganin takwara.

Da farko, kada ka taɓa rubuta sunan waliyyi shi kaɗai. Liƙa masa garin da ya yi bishop. Agustin na Hifo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya, ya rasu 28 ga Agusta 430, lokacin da mayaƙan Bandal suka kewaye garin. Agustin na Kantabari kuwa ɗan zuhudu ne daga Roma. Fafaroma Girigori ya aike shi da abokai wajen 40, suka sauka ƙasar Kent a 597, Sarki Etelbat ya karɓe su. Tsakanin rasuwar na farko da saukar na biyu shekara 167 ce.

Sai ka nemi shekarar rasuwa, ka ƙyale ta haihuwa tukuna. Mutanen wancan zamani ba su cika rubuta ranar da aka haifi yaro ba, wa ya san abin da zai zama? Ranar mutuwa ita ikilisiya ke riƙewa, don galibi ita ce ranar tunawa da waliyyin kowace shekara. Shi ya sa kalandar coci take da amfani ƙwarai: Agustin ɗin da ka gani a ƙarshen Agusta na Hifo ne, wanda ka gani a ƙarshen Mayu na Kantabari ne (Anglikan na yin 26, Katolika 27).

Akwai inda shekara ba za ta fisshe ka ba, don takwarorin sun yi zamani ɗaya. Girigori na Tur, a Faransa, ya yi bishop daga 573 zuwa 594. Girigori Babba, Fafaroman nan da ya aiki Agustin zuwa Ingila, ya hau kujerar Roma a 590, ya rasu 604. Shekara huɗu cur suna kan kujera lokaci guda. A nan sai ka dubi da wa mutumin yake hulɗa. In labarin sarakunan Faranka ne, masu mulkin Faransa a lokacin, da rigingimun gidan sarautarsu, na Tur ne, shi ya rubuta tarihinsu. In ana aika wasiƙa da 'yan bishara zuwa Ingila, na Roma ne. Haka Kolumba da Kolumbanus, dukansu 'yan Ailan: na farko ya rasu a tsibirin Ayona a 597, na biyu ya ratsa Faransa ya ƙare a Bobiyo ta Italiya a 615.

Waɗanda suka fi ba ni dariya su ne Hewald biyu. Firistoci ne 'yan Ingila, suna ɗaya, aiki ɗaya, an kashe su tare a ƙasar Saksoni ta Jamus wajen ƙarshen ƙarni na 7, ranar tunawarsu ma ɗaya, 3 ga Oktoba. Gari bai raba su ba, shekara ba ta raba su ba. Bede, wanda ya kammala tarihin ikilisiyar Ingila a 731, ya ce da launin gashi aka raba su: Hewald Baƙi da Hewald Fari. Ka ce a Tudun Wada aka raɗa musu. To in ka ga laƙabi, riƙe shi da kyau, ba ado ba ne.

Hoto kam kada ka yarda da shi. Doguwar hular bishop da sanda mai lanƙwasa kowane bishop ana zana masa, kuma masu ɗora hotuna a intanet ba ruwansu. Na Hifo akan ba shi zuciya mai cin wuta a hannu, wannan na taimakawa kaɗan.

Tsohon littafi ma ba hujja ba ne don tsufansa. A ƙarni na 9, Hilduwin, shugaban gidan zuhudu na San Deni kusa da Paris, ya haɗa mutum uku ya mai da su ɗaya: Diyonisiyas da ya ba da gaskiya ta wa'azin Bulus a Atina (Ayyukan Manzanni 17:34), da Denis bishop na Paris da aka sare wa kai a ƙarni na 3, da wani marubuci na wajen shekara ta 500 da ya ari sunan na farkon. Aka yi ɗaruruwan shekaru ana karantawa haka. Da Abelad, wani malami ɗan zuhudu a wannan gidan na San Deni, ya nuna shakka a ƙarni na 12, sai da zama a gidan ya gagare shi. Saboda haka in labari ya sa mutum ɗaya a ƙarni biyu ko uku, yi lissafin da yarinyar nan ta yi mini kafin ka kai wa mai bugawa.

Ni yanzu kati nake yi wa kowane waliyyi, da guntun kwali: suna, gari, shekarar rasuwa, ranar tunawa, sai sarki ko Fafaroman zamaninsa a baya. Ina tara su cikin gwangwanin biskit, takwarori a ɗaure da roba ɗaya. Ƙullin Girigori ya fi kowane kauri, don bayan waɗancan biyu akwai na Naziyanzus da na Nisa tun ƙarni na 4, kuma robar ta fara tsinkewa.