Canza filtar gas a ƙaramin inji, da yadda ake korar iskar da ke biyo baya

Wata Laraba cikin hunturun bara, wani dattijo mai lambun tumatir da albasa a bakin dam ɗin Daberam ya turo ɗansa a kan babur tun da sassafe, wai in zo injin ban ruwansa ya mutu. Na tarar da shi tsugune gaban injin ya yi tagumi, ga shuka tana jiran ruwa. Ya ce, "Malam, jiya na sa masa sabuwar filta da hannuna, tun daga nan ko tari bai yi ba. Ko jabu aka sayar mini?" Na ce, "Baba, filtarka lafiyarta ƙalau, iska ce ta shiga layi." Na ɗauko sifana, ba mu yi minti goma ba injin ya tashi.

Na haura shekara ashirin ina taɓa injinan gas a nan Daura, na niƙa da na ban ruwa da janareta da tarakta, jefi-jefi har da na jirgin ruwa. Cire tsohuwar filta a sa sabuwa, yaron da ya yi wata uku a gareji zai iya. Inda ake faɗuwa wuri biyu ne: datti ya shiga lokacin da aka buɗe, ko iska ta maƙale bayan an rufe.

Filtar da ta toshe tana da alamarta. Injin zai tashi lafiya, ya yi ta bugawa ba komai, amma da ka ɗora masa aiki sai ƙarfinsa ya ragu, ya riƙa hawa yana sauka kamar mai haki, can ya mutu. Ka bar shi ya huta, ya sake tashi, ya sake yi maka haka. Littattafan yawancin ƙananan injina suna cewa a canza bayan awa 200 zuwa 250 na aiki, ko sau ɗaya a shekara. To, ka yi lissafi: mai noman rani da ke kunna inji awa takwas kullum, cikin wata ɗaya ya cinye awa 240. Kuma waɗanda suka rubuta littafin ba su san gas ɗin bumburutu ba, wanda ya kwana a duro, ya koma jarka, ya sha ƙurar hanya kafin ya iso tankinka. Ni dai ba na jiran awa ta cika.

Dalilin duk wannan tsantseni yana cikin famfon injakta, wanda ke tura gas da ƙarfi, da nozul, wanda ke fesa shi cikin silinda. Tazarar da ke tsakanin ƙarafunansu ba ta wuce 'yan maikuron ba, alhali kaurin gashin kai ɗaya ya kai wajen maikuron 70 (maikuron dubu ne ke yin milimita ɗaya). Ƙwayar yashin da idonka ba ya gani ta isa ta kankare fulanja, wato ɗan ƙarfen da ke tura man a cikin famfon. Ruwa kuma ya fi yashi sharri, don gas ɗin da kansa shi ne ke sa wa waɗannan ƙarafuna santsi. In ruwa ya maye gurbinsa sai gogayya da tsatsa. Kuɗin filta goma bai kai na gyaran injakta sau ɗaya ba.

Kafin ka taɓa komai, tanadi sabuwar filta mai lamba ɗaya da tsohuwar, tare da robobinta. Tanadi sifana, galibi lamba 10 zuwa 17, da tsumma mai tsabta wanda ba ya zubar da zare, da kwano na tarar mai, da gorar ruwa fara wadda ake ganin cikinta. Cika tanki. Kashe inji ka bar shi ya huce. Mai shan sigari ya matsa can.

Sai wanki. Goge kan filtar da kewayenta da gas har sai ba sauran laka, domin duk abin da ka bari a sama, cikin layi zai faɗa da zarar ka buɗe. Idan iskar hunturu na kaɗawa, juya mata baya ko ka kafa buhu ya tare. Na sha korar yarana daga kan inji saboda sun ajiye sabuwar filta a ƙasa. "Oga, ai a leda take." A leda take, amma hannun da zai buɗe ledar fa?

Rufe makunnin mai na ƙasan tanki. In akwai kofin tara ruwa a ƙasan filtar, kwance ɗan notin gindinsa ka tsiyaye abin da ke ciki a gora, ka ajiye ta minti biyar. Ruwa ya fi gas nauyi, zai kwanta a ƙasa, za ka ga layin da ya raba su sarai. In ka ga ruwa kaɗan, raɓar tanki ce: tankin da ke kwana rabi, iskar cikinsa takan yi gumi da sanyin dare. In ka ga baƙin abu mai yauƙi kamar majina, ƙwayoyin halitta ne da ke rayuwa a inda ruwa da gas suka haɗu, kuma sabuwar filta ba za ta yi mako biyu ba sai ka sauke tankin ka wanke shi. In ruwan ya yi yawa, to ka sake tunani kan inda kake sayen mai.

Filtar kanta iri-iri ce. Akwai ta gwangwani wadda ake murzawa gaba ɗaya. Akwai 'yar takarda da ke zaune cikin kofin ƙarfe, kamar ta ƙananan injinan Yanmar da injinan Caina masu silinda ɗaya. Akwai kuma samfurin CAV mai lamba 296, wadda duk wanda ya taɓa gyaran tarakta Massey Ferguson ya sani, mai dogon noti da ke ratsa tsakiya ya haɗa kai da filta da kofi. Kowace ce, tara kwano, kwance a hankali, ka lura da yadda kayan suka fito don haka za su koma. Wanke kofin da gas mai kyau.

Robobi su ne ke ba mutane kunya. Tsohuwar roba takan manne a cikin ramin kan filta, mutum bai gani ba ya ɗora sabuwa a kanta, roba biyu kuwa ba sa riƙe mai. Sa yatsa ka laluba, ka zaƙulo ta. A samfurin CAV manyan robobin biyu ne kuma ba girmansu ɗaya ba, kada ka musanya ta sama da ta ƙasa, kada kuma ka manta da ƙaramar da ke kan dogon notin. Shafa wa kowace roba ɗan gas kafin ka zaunar da ita. Ta gwangwani da hannu ake ɗaure ta: in robar ta taɓa, ƙara rabin zagaye zuwa kashi uku cikin huɗu, shi ke nan. Kofin gilashi kuwa in ka matse shi da ƙarfin tuwo, zai tsage.

Wasu makanikai suna cika sabuwar filta da gas kafin su ɗaura, don a rage wahalar fitar da iska. In injin mai filta biyu ne, a ta farko ta kusa da tanki ba na musu. A ta ƙarshe, wadda daga ita sai injakta, ban yarda ba, don man da ka zuba daga jarka wani sashensa ya tsallake tacewa ke nan.

Yanzu korar iska. Gas ba ya matsuwa, iska tana matsuwa. Famfon injakta ɗan mai kaɗan yake turawa a kowane bugu, da ƙarfin da ya haura 100 a ma'aunin matsi na "bar", kafin nozul ya buɗe. In akwai kumfa a layi, famfon zai yi ta matsa ta tana dawowa kamar soso, nozul ba zai buɗe ba. Abin da ya sami dattijon nan ke nan.

Ana bin layin ne daga tanki zuwa inji, ba a tsallake. Buɗe makunnin mai. Sassauta ɗan notin fitar da iska da ke saman kan filta zagaye ɗaya ko biyu, kada ka cire shi. In tankin a saman injin yake, irin na Lista da na Caina, mai zai gangaro da kansa, kai dai jira. In akwai ƙaramin famfon jan mai a jikin injin, yi ta danna ɗan hannunsa. Wani lokaci za ka ji hannun sakwaf ba ya jan komai; ba lalacewa ya yi ba, juya injin kaɗan da hannu ka sake gwadawa. Da farko kumfa za ta fito tana tsartuwa, sannan mai haɗe da kumfa, sannan mai zalla. Kada ka yi gaggawa, sai ka ga zalla, kuma ka ɗaure notin mai yana cikin fita. Ɗan notin nan laushi gare shi, da wosha ta tagulla a ƙasansa. Ɗaurin hankali yake so. Sai ka matsa gaba zuwa notin da ke jikin famfon injakta ka yi masa haka.

Gwada tayarwa. Sau da yawa nan aikin ya ƙare. In ya ƙi, iskar ta kai bututun ƙarfe mai zuwa nozul. Sassauta notin bututun a bakin nozul, galibi lamba 17 ne, buɗe totur sosai, ɗaga ɗan ƙarfen rage matsi in injin na da shi, ka juya har mai ya riƙa tsartowa a kowane bugu, sannan ka ɗaure. Rufa tsumma a wurin, ka janye hannunka da fuskarka. Man da ke fita da wannan ƙarfi yana iya huda fata, kuma wanda hakan ta same shi asibiti zai nufa nan take ko da ramin bai kai na allura ba. Mai tayarwa da batir kada ya riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10 zuwa 15 a jere, ya bari sitata ta huce.

Masu injin jirgin ruwa, ku akwai ƙari. A injin da ruwan sanyaya shi ke fita ta salansa, in aka daɗe ana juyawa bai tashi ba, ruwan yana taruwa har ya koma cikin silinda. Ku rufe makunnin shigar ruwa kafin dogon juyi, ku buɗe shi da zarar ya tashi. Filtar ajiya kuma ta zauna cikin jirgin a leda ɗaure, tare da sifanarta, don kaɗawar ruwa ce ke tayar da dattin gindin tanki, kuma a tsakiyar ruwa take toshewa.

In ya tashi, bar shi ya yi minti goma, sannan ka ɗora masa aiki. Goge ko'ina ya bushe, ka bi mahaɗa ɗaya bayan ɗaya da busasshen yatsa. In washegari ya sake ƙin tashi sai an fitar da iska, to akwai inda yake zuƙarta, ko da ba ka ga ɗigon mai ba. Fara duba robar kan filta da bakin tiyo. Man da ka tara a kwano kada ya koma tanki, kada kuma a zubar a bakin dam inda ake kamun kifi da shayar da dabbobi. Ni wankin noti nake yi da shi. Rubuta ranar da ka canza a jikin filtar da fenti ko alƙalamin maka.

Dattijon nan da muka yanka tsohuwar filtarsa, takardar ta koma baƙa ƙirin, gindinta cike da jan yashi. Ya juya ta a hannu ya ce, "Ikon Allah, duk wannan a cikin man da nake saye?" Na ce ya nemi mazurari mai raga, ya kuma riƙa barin jarka ta kwana a zaune kafin ya zuba, ya bar na gindin. Ya cika mini buhu da albasa, ɗansa ya mayar da ni gari.