Yadda wanda ya taɓa zaman gidan yari zai yi wa gidansa inshora

Babu dokar da ta hana wanda kotu ta taɓa hukuntawa yi wa gidansa inshora a Najeriya. Abin da ke kayar da mutane shi ne fom ɗin neman inshorar, don haka a kansa za mu fi tsayawa.

Da farko ka tantance matsayinka. Wanda aka tsare yana jiran shari'a, daga baya aka sallame shi, ba a same shi da laifi ba, ko da ya shekara a gidan gyaran hali na Gombe. Idan kuwa an yanke maka hukunci, je wurin rajistaran kotun da ta yi shari'ar ka karɓi kwafin hukuncin mai hatimi. In gwamna ya yi maka afuwa a ƙarƙashin sashe na 212 na kundin tsarin mulkin 1999, haɗa da takardar afuwar.

Sai neman kamfani. Ka tabbatar yana da lasisin NAICOM, hukumar da ke sa ido kan harkar inshora. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba yana iya zuwa takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci, irin su Jaiz Takaful ko Noor Takaful, amma kada ya ɗauka can ba a tambaya. Ni dai na fi son a bi ta hannun dillalin inshora mai rajista, domin ya san kamfanin da ke sauraron irin wannan magana, kuma ladansa daga kamfanin yake fitowa.

Yanzu fom. Karanta tambayar da kyau. Wani fom ɗin zai tambayi ko an taɓa hukunta ka kan zamba, sata ko ƙona dukiya, wani kuma ko wani kamfani ya taɓa ƙin karɓarka. Ka amsa abin da aka tambaya, gaskiya tsagwaronta, da shekarar da kotun. Kada ka yarda wani ejan mai neman kwamisho ya ce, "Malam, bar wurin nan, ba mai dubawa." Ranar biyan kuɗi ba mai dubawa, gaskiya ne. Ranar da gobara ta cinye gidan ne za a turo mai ƙiyasin asara ya bi diddigi, kuma in aka gano ka ɓoye, kamfanin na da ikon soke yarjejeniyar ya hana ka ko sisi. Laifuffukan ma ba ɗaya suke a idonsu ba. Hukuncin faɗa na shekarun baya bai kai zamba ko cinna wuta nauyi ba, kodayake ana iya ƙara maka kuɗi ko a cire sata daga abin da za a biya.

Duba abin da takardar yarjejeniyar inshorar ta ƙunsa. Mai gida kusa da kwari a Gombe ya tambaya ƙarara ko ambaliya da guguwa suna ciki, ya kuma tambayi zaizayar ƙasa daban. Ɗan haya kayan ɗakinsa kawai zai yi wa.

Ka biya ta banki, cikin asusun kamfanin ko na dillalin, domin inshora ba ta fara aiki sai kuɗi sun shiga. Adana rasit da kwafin fom ɗin da ka cike a wajen gidan, ka kuma ɗauki hotonsu a waya. In rigimar biya ta taso, da su za ka kai ƙorafi NAICOM.