Yadda Za a Ciyar da Mai Wankin Ƙoda Don Rage Kumburin Cikin Jiki

Masu wankin ƙoda da dama suna ɗauke da wani kumburi da ido ba ya gani, wanda ke ci a cikin jini sannu a hankali saboda dattin da ƙoda ta kasa tacewa, da ruwan da ya taru a jiki, da ƙwayoyin cutar da ke shiga ta robar da ake sa wa majiyyaci a wuya. Wannan kumburi yana kashe sha'awar abinci, yana cinye tsoka, yana kuma hana jiki amfani da sinadarin ƙarfe, shi ya sa allurar ƙarin jini kan kasa yin aiki yadda ya kamata. Idan majiyyaci ya rame, garkuwar jikinsa takan yi rauni, kumburin kuma ya ƙaru.

Saboda haka matakin farko shi ne a daina hana shi nama. Dokar rage nama ta kafin a fara wanki ce, amma har yau a gidajenmu na Gombe akan ajiye wa mara lafiya kofin kunu zalla safe da yamma, ana ganin gata ake yi masa, alhali injin yana janye wani ɓangare na sinadaran gina jiki a kowane zama. Mai nauyin kilo 60 yana buƙatar giram 60 zuwa 72 na furotin, wato sinadarin gina jiki, a rana. A ba shi kaza da kifin da aka dafa a gida, musamman farin ƙwai, wanda a ganina babu kamarsa domin fosforas ɗinsa, sinadarin da ke taruwa a jinin mai ciwon ƙoda, kaɗan ne, saɓanin ƙuli-ƙuli da nono da baƙin lemon kwalba.

Gishiri kada ya wuce ƙaramin cokali ɗaya a yini, kuma a lissafa har da dunƙulen magi da kanwa da yajin tsire, domin gishiri ke jawo ƙishirwar da ke tara ruwa. Albasa da tafarnuwa da citta sun isa su ba miya ɗanɗano.

Hanji yana buƙatar ganye, sai dai alayyahu da zogale da dankali suna da fotasiyam mai yawa, wanda kan rikita bugun zuciya. A yanka su ƙanana, a tafasa cikin ruwa mai yawa, a zubar da ruwan kafin a haɗa miya. Kabeji ya fi sauƙi. Ayaba da dabino sai da izinin likita, jiƙe-jiƙe da sassaƙe kuwa a nisance su gaba ɗaya.

Duk wanda ke kai majiyyacinsa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, ya tambayi likita sakamakon gwajin albumin (furotin na cikin jini) da na CRP (ma'aunin kumburi), ya kuma nemi a duba yiwuwar haɗa jijiya a hannu, a riƙa wankin ta nan, domin a cire robar wuya.