Yadda ake haɗa ma'aikata su ja igiya ɗaya a shagon ɗinki

Ba zan tsaya kan zaɓen tela ba, duk wanda ya buɗe shago a Aboabo ko Asawase cikin Kumasi ya san hannu mai kyau in ya gani. Bayan an tara mutanen ne ake faɗuwa.

Fara da kaɗan. Ni a biyar nake tsayawa: mai yanka, masu keke biyu, mai surfani, sai yaron guga, wanda shi ke zuwa kasuwar Kejetia sayen zare da maɓalli. Wani Bafaranshe, Ringelmann, ya gwada mutane da jan igiya, ya ga suna ƙaruwa kowa yana rage ƙarfinsa. Ga kuma kuɗin koko da ƙosai kowace safiya, a aljihunka zai fito.

Sati biyun farko kada su ruɗe ka. Kowa "sannu Masta", kowa na ɓoye halinsa. A lokacin za ka faɗi aikin kowa da rabon kuɗi, a gaban kowa, ba a bayan shago ba.

Sai rikici, kuma dole ya zo. Bruce Tuckman, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya rubuta a 1965 cewa ƙungiya kan bi matakai huɗu: haɗuwa, rikici, daidaitawa, sannan aiki ya kankama. A na biyun na ƙone hannuna. Ana saura kwana goma Sallah, mai yanka da wani mai keke suka kaure kan rigar da hannunta ya fito gajere. Na ce ku yi haƙuri, ku 'yan'uwa ne, na rufe maganar. Suka daina gaisawa, awo ma sai ta bakin yaro, har kayan mutum uku suka lalace, na biya shaddar. Ashe ba rigar ba ce. Mai yanka ya girmi mai keken, shi kuma mai keken ya riga shi zuwa shagon, ni ban taɓa faɗin wa ke gaba ba.

Yanzu ga yadda nake yi. Ka ji kowa shi kaɗai tukuna. Bayan La'asar ka zaunar da su, ka hana tone-tonen gida, maganar aiki kawai. Ka yanke wanda maganarsa ce ta ƙarshe kan awo, a wajena mai yanka ne ko da shi ne ƙarami, amma ya ci gaba da cewa Yaya. Kada ka kori kowa ranar faɗa. Kuma kada ka ɗauki sabon mutum cikin azumi, zai maida ku matakin farko ana tsakiyar aiki.

Sauran mai sauƙi ne. Littafin awo ɗaya, kowa ya rubuta a ciki. Ranar biya ɗaya, ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, don kowa ya riƙe shaidarsa a waya. In ka ga an ɗauke wuta sun koma yanka da sa maɓalli ba tare da ka yi magana ba, tafi kasuwa abinka.