Gasasshen pesh na gwangwani

Pesh, ɗan itace mai zaƙi mai ƙwallo ɗaya a tsakiya, ba ɗan ƙasar nan ba ne, itacensa sanyi yake so, shi ya sa a Yamai na gwangwani muka fi samu a manyan kantuna, rabi-rabi cikin ruwan sukari. Shi za mu gasa.

Da farko ki kunna fur, wato murhun gashi, ya kai digiri 180. Ki buɗe babban gwangwani guda, ki tsiyaye ruwan a kofi, kada ki zubar. Ki shafa man shanu a faranti mai jure wuta, ki jera pesh ɗin, ramin yana kallon sama.

Sai abin barbaɗawa, kuma nan ne daɗin yake. Fulawa cokali 6, sukari cokali 3, man shanu mai sanyi cokali 3, ɗan garin kirfa da gishiri kaɗan. Ki murza da yatsu har ya yi tsaki-tsaki kamar dambu. Kada ki kwaɓa. In man ya narke da zafin Yamai, ki mai da shi firji minti 10. Ni nakan ƙara dakakkiyar gyaɗa soyayya, ta fi min.

Ki barbaɗa a kai, ki yayyafa cokali 2 na ruwan nan a gefe, ki gasa minti 25, har sama ta yi ja.

In babu fur, ki zuba yashi a gindin tukunya, ki ɗora farantin, ki rufe, garwashi ƙasa da bisa murfi. Lokacin mangwaro kuwa, ki yanka wanda bai yi laushi sosai ba a madadin pesh ɗin. A ci da ɗumi, da kindirmo mai sanyi.