Yadda za ku ɗauki mai kula da tsohon da gigin tsufa ya kama

Ƴan uwa salama alaikum. Shekara 3 kenan da Innarmu ta shiga gigin tsufa, mu kuma kowa da hidimar gabanshi, wani na kasuwa wani Yamai, dole munka nemi wadda za mu biya ta zauna da ita. Mata biyu sun zo sun tahi kahin mu gane inda muke kuskure, shi ya sa na ce bari in rubuta ko wani ya amfana.

Da fari ku sani ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ba maita ba ce ba kuma aljanu ba. Hukumar lahiya ta duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke ɗauke da shi, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarhi suke, kuma mafi yawa nau'in da ake kira Alzheimer ne. Ku hwaɗa ma mai aikin wannan tun ranar farko, don ranar da tsohuwa ta ce mata "ke kika sace min zane" kar ta ɗauka da zahi ta tattara kayanta.

Wajen zaɓe kar ku ɗauko ƙaramar yarinya daga ƙauye ku ce ai ta isa, wallahi zalunci ne a kanta da kan tsohon duka. Ku nemi babbar mace mai haƙuri wadda ta taɓa jinya, in tsoho namiji ne a samu namiji saboda wanka da kewayawa. Ku ba ta sati guda na gwaji wani na gida na kusa, ku lura da hannunta in tana ɗaga tsohuwa, da muryarta in an maimaita mata tambaya guda sau goma.

Sai maganar kuɗi, nan ne mu munka yi kuskure. Mun ɗauka aikin kamar na shara da wanke-wanke ne, alhali mutum ce ke kwana ido biyu, ta canza kush, ta wanke shimfiɗa, ta bi Inna in ta nuhi ƙohwa tsakar dare wai za ta gidansu na Tibiri da ta baro tun tana amarya. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne a wata tun farkon 2024, to ku auna da kanku, mai kwana ta hi ƙarhin haka. Ku yanka kuɗin gaban shaida, ku rubuta aikin da ke kanta, kar gobe a ƙara mata girkin gida da renon jikoki. A biya ƙarshen wata ba sai ta roƙa ba, a ba ta yini guda kowane sati ta je ta ga ɗiyanta, ranar nan ɗaya daga cikinku ya karɓe ta. Dalili shi ne mai wanga ciwo fuskar da ya saba da ita yake yarda da ita, duk canjin mai aiki sai Inna ta yi kwanaki tana ƙin abinci.

Abin da za ku koya mata kuwa, babbansu kar ta yi gardama da tsohuwa. Kullum bayan la'asar, lokacin da ruɗewar ke ƙaruwa, Inna kan tambayi Baba, shi ko ya rasu da daɗewa. Da sai mu ce "Inna ai Baba ya rasu", ta hwashe da kuka kamar yanzu anka yi mata gaisuwa. Wadda ke tare da mu yanzu sai ta zauna gehen tabarma ta kama hannunta ta ce "Inna, ba ni labarin Malam, wane tuwo ya hi so?" Nan take sai hira ta ɓalle, ta miƙa mata kwanon hura tana sha tana labari.

A riƙa yin komi kan lokaci guda, wanka, abinci, salla. Magana gajera, abu ɗaya-ɗaya, kuma ta tsaya ta gabanta ba ta baya ba. Cikin zahin Afrilu da Mayu kar a jira ta ce ƙishirwa, ba za ta ce ba, a dinga kai mata ruwa kaɗan-kaɗan. In ta kai ga kwanciya a juya ta duk awa 2, a duba ƙugu da diddige ko fata ta fara ja, don gyambon kwanciya wuyar warkewa gare shi. A ciyar da ita a zaune kar ta shaƙe. Ashana, wuƙa da gaz a ɗauke, a sa mata lambar tarho a wuya ko a ɗinke jikin riga, maƙwabta da mai shagon bakin layi su san halin da ake ciki.

Magani kuma sai wanda ke cikin ordonans, wato takardar da likita ya rubuta, ku sayi kaye a riƙa rubuta abin da ta sha da awa. Don Allah kar a sayo maganin barci wajen ƴan tebur wai don a huta da dare, yana ƙara ruɗewa kuma shina sa hwaɗuwa. In kunka ga ta rikice farat ɗaya fiye da yadda ta saba, ko jiki da zahi, ko hitsari ya canza, kar ku ce gigin ne ya ƙaru, yana iya zama masassara ko ciwon mahitsara, ku ba mai aikin izini da kuɗin adaidaita a hannu ta kai ta likita ranar nan ko ba ku gida.