Incaji, ga yadda zaka riƙe kuɗin BHCPF

Wannan kuɗi, wato asusun gwamnatin tarayya na tallafa wa kiwon lafiya a matakin farko, dokar lafiya ta 2014 ce ta kawo shi, kuma wani kaso nasa kai tsaye yake faɗawa akawun ɗin asibitin matakin farko, to tun kafin alat ya shigo ka zauna da kwamitin mazaɓa ku rubuta tsarin kashewa na wata 3, magani ne ko gyaran rufi ko ruwa, duk a rubuce.

Rasit kuwa don Allah kar ka raina shi, ko na omo ne ka adana, ranar da masu bin diddigi suka zo baki ba zai fidda kai ba.

Sannan tun 2022 dokar NHIA, wato hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, ta wajabta inshorar lafiya, ka riƙa tuntuɓar hukumar inshorar lafiya ta jiharku kan rajistar masu ciki da ƙananan yara.